In Ƙanƙara Ta Narke a Finlan, Uwa Ba Ta Kulle 'Ya'yanta a Ɗaki

Yau filin namu zai kai mu nesa, can arewacin Turai, ƙasar Finlan, wadda take tsakanin Suwidin da Rasha. Mutanenta duka-duka ba su kai miliyan 6 ba, watau jihar Kano ita kaɗai ta fi su yawa. Ƙasa ce mai tsananin sanyi, amma duk da haka da wuya a sami inda ake fitar da yara waje kamar can. Maganar kuwa ta shafe mu, domin a yanzu 'yan'uwanmu da yawa suna bin mazansu zuwa karatu ko aiki a irin waɗannan ƙasashe, wasu da goyo, wasu da ciki. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, matar da ta je can ta rufe kanta da 'ya'yanta a ɗaki don tsoron sanyi tana cutar kanta tana cutar su, kuma lokacin narkewar ƙanƙara shi ne ya fi dacewa ta bar wannan ɗabi'a.

Da farko sai mu gyara wata kalma. Littattafan labarin ƙasa da gidajen rediyo sukan kira wannan lokaci "bazara", sai yarinya a aji ta ɗauka zafi ake nufi, irin namu na Maris da Afrilu da ake kwana a tsakar gida ana fifita. Ba haka ba ne. Masana yanayi na Finlan sukan ce bazara ta shigo ne idan matsakaicin zafin yini ya tsaya bisa sifiri, watau ya ɗara matakin da ruwa ke daskarewa. In ya kai digiri 10 ya zauna, sai su ce bazara ta wuce, lokacin ɗumi ya zo. To, ku duba, abin da suke murna da shi a ƙarshen bazararsu, a Kano shi ne daren hunturu mai tsanani da ake shiga da gawayi ɗaki a ɗage wa yara wanka. A kudancin ƙasar bazara takan fara wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, a arewa kuwa, yankin Laplan, sai an ƙara kamar wata guda.

Abin da ya fara canjawa ba sanyi ba ne, haske ne. A Helsinki, babban birninsu, hasken rana a ƙarshen Disamba bai cika awa 6 ba. Yaro ya tafi makaranta cikin duhu, ya komo gida magariba ta yi. A can ƙuryar arewa rana ba ta fitowa sam har kusan kwana 50. Amma in Maris ya kama, kowace rana takan fi ta jiya tsawo da minti 5 da wani abu, watau fiye da rabin awa a mako, har a kai kusan awa 19 na haske a watan Yuni. Mu da bambancin doguwar ranarmu da gajerarta bai kai awa 2 ba a shekara, ba lalle mu gane irin ɗokin da wannan ke sa mutum ba. Za ka ga tsofaffi sun zauna kan benci cikin manyan riguna, ƙanƙara na nan kewaye da su, sun rufe ido sun miƙa wa rana fuska.

Kada wata ta zaci gari yakan yi kyau nan da nan. Makonnin farko ƙazanta ce tsagwaronta. Dusar ƙanƙarar da ta taru wata da watanni takan narke ta zama caɓi, da dare ta sake daskarewa ta yi santsi, da rana ta koma taɓo. Duk abin da aka yar tun Nuwamba sai ya fito fili. Tsakuwar da hukuma ta yi ta barbaɗawa a hanya don kada mutane su zame, in ta bushe sai ta tashi ta zama ƙura, har masu ciwon asma su sha wuya kamar yadda namu ke sha da hazo, sai motocin shara sun bi titi-titi sun kwashe. A cikin wannan taɓo da iska mai sanyi ne ake fitar da yara, ba a jira sai gari ya gyaru.

A gidajen renon yara, inda iyaye ke kai ƙanana kafin su isa shiga firamare, yawanci sau biyu ake fita waje kullum, da hantsi da kuma la'asar, ko ana yayyafi. Kowane yaro yana da wandon roba mai igiya a kafaɗa da ake ɗora masa bisa tufafinsa, da takalmin ruwa, da safar hannu ta roba. Da su zai zauna tsakiyar kududdufi ya yi ta haƙa rami yana tare ruwa, ba mai tsawata masa. In an shigo a tuɓe a wanke a rataye cikin wani kabad mai hura iska mai ɗumi. Uwa ta san aikinta shi ne ta rubuta sunan ɗanta a kowane kaya, ta kuma ajiye masa na canji. Yarinya da yaro duk kayan nan ɗaya ne, taɓon ma ɗaya ne.

Wanda zai fi ba ku mamaki shi ne na jarirai. Uwa takan naɗe jaririnta ta sa shi a keken turawa, ta ajiye a baranda ko tsakar gida ya yi barcin rana a waje, tun yana ɗan makonni, har a tsakiyar hunturu, balle da bazara. Wannan ba sakaci ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Shekara ɗari da suka wuce jarirai suna mutuwa ƙwarai a Finlan, talakawa suna cunkushe a ƙananan ɗakuna marasa iska. Wani likitan yara, Arvo Ylppö, wanda ya buɗe ɗakin awon yara na farko a Helsinki a 1922, yana cikin waɗanda suka yi ta nuna wa iyaye amfanin iska mai tsabta da hasken rana. A 1944 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta buɗe irin wannan ɗakin awo, wanda suke kira neuvola. Tun 1938 gwamnati take ba masu jego akwatin kayan jariri, daga 1949 kuma aka ce kowace uwa ta samu, muddin ta je awon ciki a kan lokaci. A cikin akwatin nan har da rigar sanyi mai kauri ta fita waje. Watau ita kanta gwamnati ta ɗauka jaririn nan fita zai yi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Oulu, aka buga a 2008, ya nuna iyaye sun lura 'ya'yansu sun fi daɗewa suna barci a waje bisa ga cikin ɗaki.

Na san abin da wata za ta ce: ai su Turawa ne, sanyi jininsu ne, namu kuwa mura da ciwon haƙarƙari za su kama su. Wannan magana tana bukatar amsa. Mura ƙwayar cuta ce da wani ke sa wa wani, kuma ta fi saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗaki aka rufe tagogi. Jaririn Finlan ba da wata fata ta dabam aka haife shi ba. Tufafi ne da lura. Hawa-hawa ake sa masa kaya, na ciki mai laushi, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska da ruwa, da hula mai rufe kunne. Uwa takan leƙa shi a kai a kai, ta sa hannu a ƙeyarsa ta ji ko ya yi sanyi ko kuwa ya yi gumi, domin da bazara yawan naɗewa shi ma illa ne, rana takan bugi keken ya yi zafi. In sanyi ya yi tsanani ƙwarai, ko yaro ba shi da lafiya, ba a fita da shi. Duk wannan abu ne da ake koyo, kuma ma'aikatan ɗakin awo suna koya wa duk wadda ta tambaya.

A firamare ma haka. Bisa al'ada, in an yi minti 45 ana darasi sai a ba da minti 15 kowa ya fita fili, ba mai zama a aji. A nan dole in yi magana irin ta malamai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya haɗa ƙasashe 146, na yara 'yan shekara 11 zuwa 17, aka ga kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata ba sa motsa jiki yadda ya kamata, maza kuwa kashi 78. Abin da hukumar ke so shi ne awa guda a kullum. Mu da muke cikin aji mun san inda bambancin yake fitowa: a buga ƙararrawar tara, maza su ruga filin ƙwallo, mata kuwa a ce wannan ta share aji, waccan ta ɗebo ruwa. Ƙannena, gaɗa da tsallen igiya da langa ba shiririta ba ne, haƙƙinku ne. 'Yan'uwana malamai kuma a raba sharar nan tsakanin maza da mata.

Mu koma Finlan. Fitar iyali da bazara ba yawo ne kawai ba, rabinsa aiki ne. A watan Afrilu ko Mayu mazauna gidajen bene sukan sa rana, yawanci Asabar ko wata yamma, su fito su gyara harabar gidansu tare. Suna kiransa talkoot, mu kuwa gayya muke ce masa. Maigida da manjagara yana tara busassun ganyen bara, uwargida tana gyara wurin furanni, yara suna tsince shara suna tura baro, a wanke kekuna a fito da bencina. Ba a biyan kowa, sai dai in an gama a sha kofi a ci ɗan abinci a tsaye ana hira. Mutanen Finlan ba su da yawan magana, maƙwabci yakan wuce maƙwabci wata shida sai ɗaga kai kawai. Ranar gayya ce ake sanin sunan juna. Baƙuwar da ta ga takardar sanarwa a bakin ƙofa ta ce ba ruwanta, ta yi asarar ranar da ta fi kowace sauƙin yin ƙawa. A cikin gida kuma lokacin wanke tagogi ne, da fitar da dardumai a kakkaɓe, da ɗaga kayan hunturu.

Shuka ma da yara ake yi. Da yake lokacin ɗumi gajere ne, tun Maris sukan shuka irin tumatir a ƙananan kofuna su jera a bakin taga, yaro yana ba shi ruwa yana auna tsawonsa. Ba a dasa shi a waje sai wajen farkon Yuni, don raɓar da ke daskarewa da dare tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya. Wanda ba shi da fili yakan yi hayar ɗan fegi a gefen gari ya sa dankali da albasa da karas.

Sa'an nan ga daji. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar itatuwa ne, kuma dokarsu ta ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, ikon ya shiga daji ya yi yawo, ya tsinki 'ya'yan itatuwa da naman kaza, ko da dajin na wani ne. Sharaɗin shi ne kada ka shiga harabar gidan mutum ko gonarsa, kada ka sari itace, kada ka hura wuta ba izini, kada ka bar shara. Ranar hutu iyali sukan ɗauki burodi da abin sha mai zafi su tafi. Tun 2022 uwa da uba kowa yana da kwana 160 na hutun reno, saboda haka ganin namiji ya goya ɗa ko yana tura keken jariri a hanyar daji ba abin kallo ba ne. Da bazara babu 'ya'yan itace tukuna, sai wani ɗanyen ganye mai ƙaiƙayi da suke tsinka da safar hannu su dafa kamar alayyafo, sai kuma kallon tsuntsaye. Yadda muke duban shamuwa mu ce damina ta kusa, haka yaransu ke ƙirga tsuntsayen da suka komo, in sun ga tsattsewa su ce ɗumi ya zo. Da yawa daga cikin tsuntsayen nan a Afirka suka yi hunturu. Agwagin ruwa da sauran tsuntsayen Turai ai su ne ke cika fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi da rani. Saboda masu ƙwai da 'yan tsaki ne ma doka ta ce daga 1 ga Maris zuwa 19 ga Agusta ba a sakin kare a daji, sai da igiya.

Shin shigar yara daji tana da wani amfani ban da nishaɗi? A 2020 masana a Finlan sun buga wani gwaji da suka yi da yara 75 a gidajen reno na biranen Lahti da Tampere. Suka ɗebo ƙasar daji da ciyayinta suka shimfiɗa a filin wasan wasu gidajen, suka bar na wasu da tsakuwa yadda yake. Bayan kwana 28 aka sami ƙwayoyin halitta masu amfani sun ƙaru a fatar yaran da suka yi wasa da ƙasar, aka kuma ga alamun gyaruwar garkuwar jiki a jininsu. Gwajin ƙarami ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ƙasar daji ake magana, ba juji ko bakin kwata ba. Amma ya isa ya sa uwa ta sassauta faɗa in ɗanta ya shigo da ƙasa a gwiwa.

Ba za mu ɓoye haɗarin ba. Ƙasar tana da tafkuna wajen 188,000, kuma da hunturu a kansu ake tafiya, a huda rami a kama kifi. Ƙanƙarar bazara kuwa mayaudariya ce: rana takan ruɓar da ita daga ciki, sai a gan ta da kauri alhali ba ta iya ɗaukar mutum, wurin da aka taka lafiya da safe ya burma da azahar. Kusan kowace shekara ana rasa rayuka ta haka. Masu kamun kifi sukan rataya wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya don su ja kansu in sun faɗa. Baƙuwa dai shawararmu gare ta ɗaya ce, kada ita ko ɗanta su taka tafki da bazara, ko sun ga wasu a kai. Na biyu kaska, irin wadda muka sani a jikin shanu, amma ƙanana ƙwarai. Takan farka da zarar ƙanƙara ta tafi, kuma tana ɗauke da cututtuka, har da mai taɓa ƙwaƙwalwa. Maganinta dogon wando a cusa cikin safa, da duba jikin yaro kowace yamma, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa. A watan Mayu kuma garin furen itatuwa yakan sa wasu atishawa da jan ido.

Ga biyu daga cikin bukukuwan da suka faɗo a wannan lokaci. Ran 1 ga Mayu, wadda suke kira Vappu, dubban iyalai sukan shimfiɗa barguna a lambun Kaivopuisto na bakin teku a Helsinki, ko da ana rawar ɗari, yara da balan-balan, ana cin wani abu mai kama da fanke. Daren jajibirinsa shaye-shaye ne ya fi yawa, ba wurin kai yara ba ne. Lahadi ta biyu ta Mayu kuma ranar uwa ce, a ɗaga tutar ƙasa, yara su shiga daji su tsinko wa uwarsu wani farin fure da ke fitowa daidai lokacin.

To, yanzu ga 'yar'uwarmu da ta sauka can. Sau da yawa maigida yakan fita jami'a ko wurin aiki da safe, ita kuwa tana hawa na huɗu da yara biyu, ba ta jin harshen, ba ta san kowa ba, sai ta yi mako ba ta taka ƙasa ba. Kaɗaici kaɗai ya isa ciwo. Amma akwai wani a ɓoye. Jikin mutum yana yin sinadarin bitamin D ne idan rana ta taɓa fata, kuma shi ne ke taimakon ƙashi ya yi ƙwari. A Finlan, daga wajen Oktoba zuwa Maris, rana ba ta da ƙarfin yin wannan aiki ko kaɗan. Baƙar fata tana bukatar rana fiye da fara, suturar da ta rufe jiki tana rage abin da ake samu, hasken da ya ratso gilashin taga kuwa ba ya yin komai. Rashinsa yakan kawo wa uwa ciwon ƙashi da kasala, yaro kuma ƙashinsa ya yi laushi, ƙafa ta lanƙwashe. Tun 1962 likitoci suka ba da labarin wannan ciwo a cikin iyalan Pakistan da ke Gilasgo, a 2012 kuma aka buga binciken da ya sami ƙarancin bitamin ɗin ya yi yawa ga matan Somaliya da ke Helsinki da hunturu. Kada a rikita shi da na gida: binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna lanƙwasar ƙafar yaranmu ta fi zuwa daga rashin sinadarin kalsiyam a abinci, ba rashin rana ba.

Saboda haka muna kira ga mazaje. Wanda ya ɗauki 'yar mutane ya kai ta ƙasar da rana ke yin rauni wata da watanni, kayan sanyinta da na yaranta suna cikin ciyarwa da tufatarwa, ba alfarma ba ce. Ya saya mata takalmi da riga na gaske, ba nasa kaɗai ba, ranar hutu kuma ya fita da su da kansa. Mayafi da doguwar riga ba su hana tura keke a lambu. A Helsinki akwai filayen wasa na hukuma a unguwanni, masu ma'aikata da ɗakin ɗumi, inda iyaye mata ke haɗuwa da hantsi da jariransu, kuma kyauta ne.

Fitar kaɗai ba ta isa ta biya bukatar bitamin D ba, musamman gare mu. Su kansu mutanen Finlan tun 2003 suke ƙara shi a madarar da ake sayarwa, kuma ƙa'idarsu ita ce jariri mai shan nono a fara ɗiga masa maikirogiram 10 kullum tun yana mako 2, daga shekara 2 zuwa 17 kuma 7.5 kullum, duk shekara. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi ma'aikaciyar ɗakin awo nawa ya kamace su, su gaya mata gaskiyar yawan fitarsu da irin suturarsu. Ɗigon nan ba a daina shi don rana ta fito a watan Mayu.